Wace kyauta zan kai wa abokina mai tara 'yan sojojin tebur?

Ɗan Arkilla:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Ina da aboki tun muna sakandare, ya yi karatu a Ingila ya dawo, yanzu ya gama gininsa zai tare bayan ƙaramar Sallah. Mutumin nan ya tsaya mini a lokacin da nake bukatar mai tsayawa, ina so in kai masa kyautar da zai ji ta har ransa. Shadda da turare yana da su har yana rabawa. Abin da na san yana ƙauna shi ne waɗansu 'yan ƙananan sojoji na roba, ba su kai tsayin babban yatsa ba, da tankokinsu da manyan bindigoginsu. A kwali yake sayo su, ya yayyanko su, ya haɗa da gam, ya zauna ya yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci su jera su a tebur shi da ƙaninsa su yi wasan yaƙi da tef ɗin awo da ɗan ludo. Surukina zai taso daga Landan kafin azumi, zan iya ba shi saƙo. Me zan ce ya sayo?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, magidanci ne fa ka ce. Mai tarewa a sabon gida abin da yake nema daban ne. Ka saya masa fanka mai caji ko kafet na falo, ko ka ƙara masa batirin sola, iyalinsa ma su amfana.

Ɗan Arkilla:
Yaya, duk waɗannan 'yan'uwansa sun riga sun ɗauka. Ni nasa na kansa nake so in ba shi.

Injiniyan Mabera:
Hajiya, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kuma asalin wasan nan ba na yara ba ne. Hafsoshin sojan Prussia, a ƙasar Jamus ta yanzu, da irinsa suka riƙa koyon dabarun yaƙi tun 1824, a kan taswira da 'yan gutsattsarin ƙarfe. Daga baya ya fito daga bariki ya zama abin sha'awar mutane.

Ɗan Arkilla, kafin kowa ya ba ka shawara sai ka gano abu ɗaya: wane wasa yake tarawa? Don ba iri ɗaya ba ne, kuma ba sa haɗuwa. Akwai Warhammer 40,000 na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham, wanda ya fito a 1987, shi labarin ƙirƙira ne na yaƙe-yaƙen sararin samaniya, da dodanni da sojoji masu sulke. Akwai kuma na tarihi: Yaƙin Duniya na Biyu, zamanin Napoleon, Rumawa, da sauransu. Girmansu ma ya bambanta, wani milimita 28, wani 15. Ko a cikin wasa ɗaya, kowane mutum runduna ɗaya ko biyu yake tarawa. Ka sayo masa na wata runduna, sai ya yi maka godiya ya ajiye kwalin a saman kabad. In ka je wurinsa ka duba sunan da ke jikin kwalayen.

Ɗan Arkilla:
Ina da hoton da ya turo mini kwanan baya. A jikin kwalin an rubuta Bolt Action. Sojojin kuwa kore-kore ne, da faffaɗar hula, kuma duk baƙaƙen fata ya yi musu.

Injiniyan Mabera:
Madalla, an zo wurin. Wannan wasan Yaƙin Duniya na Biyu ne, na kamfanin Warlord Games, su ma a Nottingham suke. Sojojin milimita 28 ne, motoci da tankoki kuwa an rage su kashi ɗaya cikin 56 na girman na gaske. Ka riƙe wannan lambar. Mafi yawan tankokin haɗawa da ake gani a shaguna ɗaya cikin 35 ne ko ɗaya cikin 72, na farko ya yi wa sojojinsa girma, na biyu ya yi musu ƙanƙanta.

Ɗalibin Tarihi:
Kore da faffaɗar hula da baƙar fata? Ai kakanninmu yake yi wa fenti. Sojojin Afirka ta Yamma ne da Turawan Ingila suka kai ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, suka yaƙi Japanawa. Runduna ta 81 da ta 82, kuma 'yan Nijeriya ne suka fi yawa a ciki, da yawansu 'yan Arewa, har Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya a lokacin. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, cikin daji da tsaunuka inda mota ba ta shiga, mutane ne suke ɗaukar kaya a ka, abinci kuma jirgi ke jefo musu. Wannan abokin naka ya san abin da yake yi. Ni dai ya burge ni, don ko a makarantunmu ba a cika ba da labarin mutanen nan ba.

Injiniyan Mabera:
To ka ga wani dalilin da zai sa kada a saya masa tanka da ka. In rundunar Kaladan yake ginawa, babbar tanka ba ta da wurin zama a cikinta. Mai bin tarihi sau da ƙafa haka, shi kaɗai ya san abin da ya rage masa.

Kawu na Gawon Nama:
Ɗana, ban so in ɓata maka shawara ba, amma akwai abin da ba wanda yat taɓa. Wanga abu mutum-mutumi na, mai kai da ƙahwa da hannuwa. Kuma kun ce da ɗan ludo aka yin shi. Mu nan garin mun san abin da malamai sunka hwaɗi bisa sura da bisa irin wanga wasa. Kai da za ka kashe kuɗinka, ya kamata ka san mi kaka saye.

Ɗan Arkilla:
Kawu, gaskiya ne, kuma na gode da ka faɗa. Ko Malam yana kusa ya yi mana bayani?

Malam na Runjin Sambo:
Ina biye da ku. Zan faɗi abin da ke cikin littattafai a taƙaice. Malaman Malikiyya sun yi magana a kan surar abu mai rai, mai inuwa, wadda gaɓoɓinta suka cika, sun ce yin ta haramun ne. Sun cire 'yar tsana ta 'yan mata, saboda ya tabbata Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da su a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har da doki mai fukafukai kamar yadda ya zo a Abu Dawuda. Waɗansu malaman sun faɗaɗa wannan rangwame zuwa kayan wasa da kayan koyarwa, waɗansu sun tsaya a inda nassi ya tsaya. Game da ɗan ludo, hadisin nardi, wani wasa da ake yi da irinsa, yana cikin Sahihu Muslim kuma lafazinsa mai tsanani ne. Ko wannan wasan ya shiga ƙarƙashinsa, wannan tambaya ce da abokinka zai kai wa malamin da ya yarda da shi, ya bayyana masa yadda ake yin wasan dalla-dalla.

Kai kuma mai kyauta, ƙofarka a buɗe take. Surar bishiya da gida da gada da mota jumhurin malamai sun halatta ta. Fitila da akwati da kayan aiki su ma haka. Ka zaɓi abin da zuciyarka ta natsu da shi, kuma kada ka mayar da ranar tarewar mutum ranar tuhuma.

Kawu na Gawon Nama:
Allah shi gahwarta Malam. Ni dai ra'ayina bai canza ba bisa mutum-mutumin, amma wagga magana ta ƙarshe na karɓe ta.

Malamar Zane:
Bari in shigo ta ɓangaren da na sani. Ban taɓa yin wasan ba, amma fentin da suke amfani da shi akirilik ne mai narkewa da ruwa, irin wanda nake koyarwa da shi, kuma na san abin da Sakkwato ke yi masa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Da hunturu kuma iska ta bushe ƙayau. Ka ɗiga fenti a faranti, kafin ka wanke buroshi ka dawo ya yi fata. Mai fentin ƙananan abubuwa kuwa sai ya tsinka fentin ya yi ta shafawa siriri-siriri, shafi bisa shafi, in ya yi kauri fuskar sojan ta toshe. Don haka abin da zai fi yi masa amfani kullum shi ne farantin fenti mai jiƙa. Ɗan akwati ne mai murfi, a shimfiɗa soso mai laima a ciki, a ɗora takarda ta musamman a kai, ruwan yana ratsowa a hankali yana hana fentin bushewa. Ana sayar da shi a shirye. Ko a gida ana haɗa shi da robar abinci da soso da takardar gashin kek. Amma na sayarwa murfinsa ya fi kamawa, kuma ba shi da nauyi a jaka.

Na biyu buroshi. Akwai na gashin wata dabba da ake kira kolinski, bakinsa ba ya rabewa, yana riƙe fenti ya sake shi a hankali. Winsor & Newton Series 7 da Raphael 8404 su ne aka fi sani. Lamba 1 da lamba 2 za ka ce, kada ka ce mafi ƙanƙanta. Mutane suna zaton ƙaramin buroshi shi ne na ƙaramin aiki, alhali ƙaramin ciki ba ya ɗaukar ruwa, a iskarmu kafin ya kai ga sojan ya bushe. Tsinin baki ake nema. A haɗa da sabulun wanke buroshi. Wannan ko yana da shi ba asara, don buroshi cinyewa yake yi.

Injiniyan Mabera:
Malama ta gama magana. In za a ƙara fenti, a sayo na Vallejo, kamfanin Sifen, mai 'yar kwalba ta matsawa da ke ɗigowa. Ta fi jure zafinmu a kan mai buɗaɗɗen baki, don iska ba ta shiga sosai. Sai dai launi ma zaɓinsa ne. Baƙi da fari da ruwan ƙasa kullum suna ƙarewa, su ba a kuskure da su.

Mai Kaya daga Waje:
Ni sana'ata ke nan, ku saurare ni kafin surukin nan ya sha wahala a filin jirgi. Fentin feshi na gwangwani, wanda suke fara fesa wa sojojin kafin fenti, ba ya hawa jirgin fasinja, ko a jakar hannu ko a babbar jaka, don yana kama wuta. Gam ɗin roba mai warin sinadari shi ma haka, a bar shi. Fentin ruwa yana tafiya a babbar jaka, amma a ɗaure kowace kwalba a leda mai zif. Wuƙar sassaƙa da ɗan filayan yanka su ma babbar jaka. Sannan in kaya sun sauka Abuja ko Kano za a biyo mota da su, kada a bar su a but cikin rana. Akwai waɗanda ake yi da rezin ba roba ba, su zafi yana lanƙwasa musu bakin bindiga.

Maman Biyu:
To ni yanzu na fara ganewa. Aikin hannu ne ashe, irin na mai ɗinkin hula. In haka ne a duba idonsa. Mai irin wannan aiki da dare yake samun lokaci, ga wuta ba tabbas. Fitilar tebur mai caji, mai farin haske, wadda ake lanƙwasa wuyanta. Wannan ko a Sabuwar Kasuwa za a samu, ba sai an aika Landan ba.

Malamar Zane:
Yaya, kin faɗi abin da na manta. Farin haske irin na rana, ba mai ja-ja ba, don shi yana canja launi. Mutum ya yi fenti da dare, da safe ya ga wani abu daban.

Ɗalibin Tarihi:
Ni kuwa da ni ne, wata hanya zan bi. Tunda yana son tarihinmu, me zai hana a buɗe masa sabon babi? Mahaya dawaki na Daular Usmaniyya, da lifidi da sulke da kwalkwali, ga 'yan baka a gaba. Kamfanin Perry Miniatures yana yin mayaƙan Sudan na zamanin Mahadi, shigarsu ba ta yi nisa da tamu ba, mai hannu zai iya gyara su. Sai ya shirya yaƙin Giginya da Turawa a tebur, 15 ga Maris 1903, yara su gani da idonsu yadda aka tsaya.

Kawu na Gawon Nama:
A'a. Nan kam ban yarda ba ko kaɗan. Giginya ba wurin wasa ba ta. Mutane sunka tsaya gaban bindiga mai ruwa da takobi da mashi, sunka hwaɗi nan bayan gari. Sarkin Musulmi Attahiru yab bar garin nan yai hijira, anka bi shi hab Burmi anka kashe shi cikin watan Yuli na shekaran nan, shi da jama'a mai yawa. Akwai gidajen da har yau suna ambaton wanda sunka rasa. Sai a aza su bisa tebur a jefa ɗan ludo a ga wa zai ci? Wani kuma shi zauna shi riƙa ma Nasara bindiga?

Ɗalibin Tarihi:
Kawu, ban nufi raini ba. Gani na yi yaranmu sun san yaƙe-yaƙen Turai ta fim, amma ka tambaye su Tabkin Kwatto ko Alƙalawa su yi shiru. Abin da aka gani da ido ya fi zama.

Kawu na Gawon Nama:
A kai su gidan tarihi na Waziri Junaidu, a kai su Hubbare, a karanta musu. Hanya ta nan.

Injiniyan Mabera:
Ko a Turai akwai masu wasan da ba sa taɓa waɗansu yaƙe-yaƙe saboda irin wannan dalili na Kawu. Ni abin da zan ƙara shi ne, fara wa mutum sabuwar runduna ɗora masa aiki ne. Kwali ɗaya na sojoji talatin zai iya cin watanni kafin a gama fentinsa, kuma duk mai wannan sha'awa yana da kwalayen da bai buɗe ba. Mu bar wannan.

Littafin dokokin wasan ma kada a saya. Bugu na uku ya fito a 2024, na biyu tun 2016, ba ka san wanne yake bi ba.

Baduku Ɗan Majema:
Tun ɗazu nike karatu ina jiran wani shi tuna da mu. Kuna ta Landan, Landan. Mutumen ga ya zauna Ingila, duk abin da ag ga shagunansu ya san shi, ya san kuɗinai, in yana so shi aika a kawo mai. Abin da ba ya iya samu can shi na ag garemu. Hwatar jan akuyar Sakkwato tun zamanin ayari aka kai ta Arewacin Afirka, Turawa na saye suna ce mata ta Maroko. A ɗunka mai zabira irin ta wanzamai, amma ta buroshi: a shimfiɗe ta, kowane buroshi da aljihunai, da murhi mai ruhe bakinsu kada gashin shi lanƙwashe, a naɗe a ɗaure da igiyar hwata. Gehe guda a yi wurin wuƙa da magagari. A buga sunanai ciki. Ba ni ce a kawo min aikin ba, dukawa na da yawa garin ga, ka tahi ka duba hannun kowa.

Malamar Zane:
Wannan ita ce. Buroshin Landan a cikin zabirar Sakkwato. Sai dai a yi mata shafi da yadi mai laushi daga ciki, kuma a ce masa kada ya mayar da buroshi yana da laima, don jan rini yana iya sauka.

Baduku Ɗan Majema:
Gaskiya ta, Malama. A sa hwarar hwata ko yadi daga ciki.

Injiniyan Mabera:
Malam Baduku, akwai ma wani aikin naku a wasan. A Bolt Action kowane rukunin soja yana da ɗan ludonsa na umarni, a zuba na ɓangarorin biyu a jaka ɗaya, a riƙa zarowa ba tare da an duba ba, wanda nasa ya fito shi ke motsawa. Jakar dole ce. Amma bayan bayanin Malam, wannan na bar wa mai kyauta.

Ɗan Arkilla:
Jakar zan bar ta. Zabira kam ta shiga raina. Amma tunda tarewa ce, na yi tunanin in sa kafinta ya yi masa shokes na gilashi ya jera su a falo. Yaya kuka gani?

Maman Biyu:
Ka tambayi matar gidan tukuna. Falo nata ne. Kuma ka ji abin da Kawu ya ce, baƙi irinsa za su shigo gidan nan, dattawa da surukai. Kada ka jawo masa maganar da bai nema ba. Ga yara kuma.

Injiniyan Mabera:
Ko ba don wannan ba, shokes a garin nan sai an yi da gaske. Ƙurar hunturu tana bin duk wata kafa, ta kwanta a kan fenti, gogewa kuma yana karya ƙananan bindigogi. Rana in tana bugun gilashi tana kashe launi. Abin da ya fi shi ne rufaffen akwatin katako mai durowa-durowa marasa zurfi. A shimfiɗa farantin baƙin ƙarfe a ƙasan kowace durowa, shi kuma ya manna ɗan ƙaramin maganaɗisu a ƙarƙashin kowane soja da sufa gulu. Ko an karkata akwatin ba wanda zai faɗi, kuma ranar kwashe kaya zuwa sabon gida zai gane amfaninsa. Ka ja kunnen kafinta: baƙin ƙarfe, ba alminiyam ba, don maganaɗisu ba ya kama alminiyam. Ka tafi da maganaɗisu a aljihu ka gwada da kanka. A bakin murfin kuma a zagaya roba irin ta ƙofar firiji saboda ƙura.

Ɗan Arkilla:
Ke nan akwatin ya kamata ya isa gare shi kafin tarewa, ba bayanta ba. Zan kai masa shi cikin azumi, zabira da buroshi da farantin fenti kuma ranar walima. Fitila zan duba kasuwa. Injiniya, wane awo zan ba kafinta? Kuma maganaɗisun a nan zan nema ko in sa cikin saƙon suruki?

Injiniyan Mabera:
Sa shi cikin saƙon, ba shi da nauyi. Ka ce na neodimiyam, masu faɗin milimita 5 ko 6, kaurin milimita 1 ko 2. Amma ka fara sa ƙaninsa ya juya soja ɗaya ya ɗauko maka hoton ƙasansa. In gindin yana da rami, waɗannan za su shige. In shafaffe ne, to sai a sayo maganaɗisu na shimfiɗa mai gam a baya, wanda ake yankawa da almakashi. Zurfin durowar sojoji santimita 6 ya isa, don waɗansu suna ɗaga bindiga sama. Ta ƙasa a yi mata 10 ko 12 saboda motoci da bishiyoyi. Ƙanin ya ƙirga maka sojojin, sannan ka ƙara durowa biyu a kan abin da lissafi ya ba ka, don ba zai daina saye ba.

Baduku Ɗan Majema:
In buroshin sun iso ka taho da su wurin baduku, kada ka ba shi awo da baki. Bisa tsawonsu za a yanka hwatar.